Injin busar da kaya yana juyawa amma ba zafi: in bari a haɗe wayar?

Maman 'Yan Biyu, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum jama'ar gida. Masu sanin kayan wuta, don Allah ku ba ni shawara. Muna da injin busar da kaya, ɗan Kwatano, maigida ya saya bara. Irin mai tiyo a baya ne, wanda ke huro iskar waje. A takardar da ke manne a bakin ƙofarsa an rubuta 230V, 50Hz, 2200W. Tun shekaranjiya ya daina zafi. Yana kunnuwa, fitila na kamawa, ganga na juyawa lafiya lau, amma sai ya cinye lokacinsa ka buɗe ka tarar da kaya sharkaf yadda ka zuba su. Kafin ya kai haka ya ɗan jima yana jan lokaci fiye da da, in ka dafa samansa ka ji zafi rau, har da ɗan ƙauri-ƙauri.

Wani yaro mai gyaran fanka a unguwarmu ya duba. Ya ce wani ɗan fis ne a baya ya mutu, ba a samunsa a nan, amma zai iya haɗe wayoyin biyu ya tsallake shi, injin ya ci gaba da aiki. Maigida ya yi tafiya, sai ƙarshen mako zai dawo, ni kuma hankalina bai kwanta da maganar ba. In bari ya haɗe? Ko akwai abin da zan iya dubawa da kaina? Ina da sukundireba, ƙanina kuma yana da mitar awon wuta.

Baban Abba, Gesse

Wa alaikumus salam. Hajiya, ba raini ba, amma ranar Kebbi ai ta ishi kowa shanya. Ki ɗaura igiya a tsakar gida, ki bar injin har Alhaji ya dawo.

Maman 'Yan Biyu

Haka ne Baban Abba, da rani ko kallonsa ba ma yi. Amma surukata na kwance, shanyewar ɓarin jiki, kullum sai an canja mata zannuwan gado da tawul. Ga Agusta, hadari ya wuni ya kwana, in ka shanya bargo sai ya kai gobe yana warin danshi. Jikin tsohuwa ba ya son jiƙa, gyambon kwanciya muke gudu. Don ita aka sayi injin.

Baban Abba

Allah sarki. Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya saka maki da alheri.

Mai Gyaran Firij, Gusau

Hajiya, kada ki yarda a haɗe wayar nan. Ko da kyauta zai yi maki, ki ce a'a.

Ga yadda injin yake aiki, don ki gane dalili. Fanka ce ke jawo iska daga ɗaki, iskar ta bi ta kan hita ta ɗauki zafi, ta ratsa kayan da ke cikin ganga, ta wuce ta rariyar da ke bakin ƙofa, sannan ta fita ta tiyo da tururin ruwa. Iskar nan ita ce ke kwashe zafi daga jikin hita. Da zarar hanyarta ta toshe, zafin ya rasa mafita, sai ya taru a baya. Saboda haka aka ɗaura wa hitar masu tsaro biyu, ƙanana, faɗinsu bai wuce kwabo ba. Na farko tamostat ne, yana yanke wuta in zafi ya kai, ya mayar in ya huce, haka yake yi har a gama. Na biyun shi ne fis ɗin da yaron ya nuna maki. Shi ba ya motsi sai zafi ya wuce kima, kuma a yawancin injuna in ya yanke ya yanke ke nan, sai an sa sabo.

To abin da kika faɗa, jan lokaci, zafi a sama, ƙauri, duk alamun toshewar iska ne. Fis ɗin aikinsa ya yi. In aka tsallake shi ba a buɗe hanyar iskar ba, hita za ta ci gaba da ci babu mai tsayar da ita, ga burbushin zare busasshe a gefenta. Nan gobara take tashi, kuma a gidan da akwai mara lafiyar da ba ta iya tashi da kanta.

Kafin ki taɓa sukundireba, duba abubuwa biyu. Wasu injunan suna da maɓallin rage zafi ko na iska zalla, yara kan danna ba a sani ba. Sannan mintuna goman ƙarshe na agogon, da gangan injin yake juyawa da iska mai sanyi don kaya su huce, don haka ki murɗa shi ya wuce minti 40 kafin ki yanke hukunci. Ki kuma leƙa bayansa, akwai masu ɗan jan maɓalli da ake dannawa a ji ƙas, zafi ya dawo. Ko kin samu irinsa, sai an share hanyar iskar.

In babu, zare fulogi daga bango gaba ɗaya, kashe soket kawai bai wadatar ba. Ki kwance murfin ƙarfen da ke baya. Ɗauki hoton wayoyin da wayarki kafin ki cire ko ɗaya. Ƙaninki ya sa mita a kan ohm, wato wurin auna yadda abu ke barin wuta ta wuce, ya zare waya ɗaya daga jikin abin da zai auna, ya ɗora tsinken mita a ƙafafunsa biyu. Tamostat da fis masu lafiya, in suna sanyi, za su nuna kusan sifili. Wanda ya nuna OL, ko 1 shi kaɗai a gefen hagu, ya yanke. Hita kuma lissafi ne: 230 sau 230, a raba da wat ɗinta. Mai wat 2000 za ta ba da wajen ohm 26. In gida biyu ce, kowane gida zai nuna sama da haka, misali mai wat 1000 wajen 53. Kada ku kai hannu wajen moto, akwai kafasita a jikinsa, takan riƙe wuta ko an zare fulogi.

Ɗan Kasuwa, Jega

Oga, ina girmama iliminka, amma ni an haɗe min nawa tun bara kuma har yau yana aiki. Wani lokaci tsoron ya fi abin yawa. Baiwar Allah nan tana cikin lalura, kafin kaya su zo daga Kano an ɗauki kwanaki.

Mai Gyaran Firij, Gusau

Alhaji, yana aiki ne don tamostat ɗin farko bai gaza ba tukuna. Shi ma ƙarfe ne mai buɗewa da rufewa, yana tsufa, kuma in zai mutu wani lokaci a manne yake mutuwa, wuta na wucewa. Ranar da ya manne, fis ɗin da aka tsallake ne kaɗai zai tsayar da hita, kai kuma ba ka da shi. Don Allah ka sa a mayar maka. Kuɗinsa bai kai na buhun gawayi ba.

Malama, Argungu

Maman 'Yan Biyu, ki fara da tiyon nan tun kahin ki kwance komi. Namu haka yay yi. Da munka zare tiyo munka leƙa, zanzaro ne yag gina ɗakunan laka cikin bakin da ke waje, tun da rani da ba a amfani da shi, zare kuma yab bi yal liƙe bisa lakar har hanya ta rage kamar ta yatsa biyu. Ki sa hannu bakin tiyon in injin na aiki, in ba ki ji iska na bugun tahin hannunki da ƙarhi ba, akwai abin da ya tare. Kuma in kin gama kada ki ɗaure bakin da ragar sauro, zare ka cika ta nan da nan. Da rani dai ki toshe shi da tsumma, damina ta zo ki cire.

Mai Wayarin, Kalgo

Ƙari a kan na Oga. Ɗauke wuta ana tsakar busarwa shi ma yana kashe fis ɗin nan, ko da hanyar iska a buɗe take. Fanka ta tsaya cak, hita na nan da zafinta, sai zafin ya hau kan fis. Janareto ma in an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa yakan ja baya, fanka ta rage gudu. Mai 2.5kVA abin da yake bayarwa na gaske wajen wat 2000 ne, injinki na neman 2200, ga firij ga fitilu. Ƙaramin nan na cajin waya kam kada ma a gwada.

Sai rashin ƙarfin wuta. Hitar da ke ba da wat 2000 a kan 230V, in wuta ta sauka zuwa 180V abin da za ta bayar bai fi 1200 da 'yan kai ba. Sai mutum ya ɗauka injin ne ya lalace alhali wutar ce ba ta cika ba. Ƙaninki ya auna soket ɗin, amma shi ya yi, kuma da takalmi a ƙafa. Injin ya samu soket nasa na bango mai 13A da wayar ƙasa, ban da ekstenshan.

Ɗan Yauri, mazaunin Ingila

Anti, tunda na hannu ne ki duba sunan kamfanin. A nan Ingila, tun daga 2015 kamfanin Whirlpool ya riƙa sanarwa cewa injunan busar da kaya masu sunan Hotpoint, Indesit, Creda, Swan da Proline da aka ƙera tsakanin Afrilun 2004 da Satumban 2015 suna da matsala: burbushin zare na iya taruwa ya taɓa hita ya kama wuta. Injuna sama da miliyan 5 abin ya shafa. A Agustan 2016 ɗaya daga cikinsu ya jawo gobara a wani dogon bene a Shepherd's Bush da ke Landan, a 2019 kuma aka yi kiran a dawo da waɗanda ba a gyara ba. Waɗanda aka gyara ana manna musu ɗan koren tambari a bakin ƙofa ko a baya. Duk mai ɗan Kwatano a gidan nan ya je ya duba nasa.

Maman 'Yan Biyu

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ɗan'uwa na Ingila, na duba, namu ba ya cikin sunayen nan. Ƙanina ya zo bayan la'asar mun buɗe. Hita ta nuna 27, tamostat ya nuna kusan sifili, ɗaya ƙaramin ya nuna OL. Maganar yaron gaskiya ce a nan.

Amma abin da muka gani a ciki ya tayar min da hankali. Ƙarƙashin rariya akwai wani rami da hannu ke shiga har gwiwa, mun zaro zare curi-curi, toka-toka, ya daskare kamar tsohon bargo, har da maɓallan riga da wani kwabon Turawa. Da zaren nan a ciki aka sayo injin. A bayan murfin kuma, zaren da ke kusa da hita ya yi baƙi, in ka murza sai ya zama gari. Tiyon ya lanƙwashe a inda injin ya matse shi da bango, da muka miƙe shi ruwa ya zubo. Malama, zanzaro bai samu shiga ba, amma ƙura ta yi laka a ciki. Mun share da burushi, mun wanke tiyon mun rataye. Yanzu ina zan samu fis ɗin?

Mai Gyaran Firij, Gusau

Madalla Hajiya, kin yi mai wuyar. Baƙin zaren nan da kika gani shi ne ƙaurin da kike ji.

Ki ɗauki hoton fis ɗin ta inda lambobi suke, akwai adadin zafin da yake yankewa a rubuce a jikinsa, da hoton takardar da ke bakin ƙofa mai lambar samfurin. Ki fara tambayar masu kayan firij da injin wanki a nan Birnin Kebbi. In babu, Sakkwato, in ba haka ba Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas, su sa a mota. Lambar zafin ta zama daidai da ta tsohon. Kada wani ya ce maki wanda ya fi shi lamba ya fi ƙarko, wannan da tsallakewa duk kusan ɗaya ne. Ki sayi tamostat ɗin tare, a canja su biyun lokaci guda, tunda shi ma ya sha zafi.

Abu ɗaya game da kayan Hajiya Babba. Ledar da ake shimfiɗa mata ƙarƙashin zanin gado, da duk wani abu mai roba ko soso, kada ya shiga injin. Zanin da ya sha man shafawa ko man zafi a wanke shi sosai da ruwan zafi da sabulu tukuna, don mai a jikin yadi yana kama wuta in ya ɗauki zafi. In an ɗauke wuta ana tsakar aiki, ki kwashe kayan ki baza, kada su kwana a tare da zafinsu. Rariya kuma a share ta bayan kowace busarwa.

Hajiya, Rafin Atiku

Maman 'Yan Biyu, kafin kayan su iso ki aiko yaro da zannuwan gidana, namu na aiki. Zan turo maki kwatance ta akwatin saƙo. A gaishe da mai jiki.

Maman 'Yan Biyu

Allah ya saka da alheri Hajiya, zan aiko da safe in sha Allah. Oga, an samu a Sakkwato, gobe direba zai taho da su. In mun ɗaura, ta yaya zan tabbatar komai ya daidaita kafin in zuba kaya?

Mai Gyaran Firij, Gusau

Ki bi hoton da kika ɗauka, kowace waya ta koma ƙafarta ta kama tsam, wadda ta yi sako-sako a matse bakinta da filaya. Rufe murfin baya kafin ki sa fulogi, don in babu shi iska ba za ta bi ta kan hita ba. Ki janye injin daga bango kamar taƙi ɗaya, tiyo ya fita waje a miƙe ba tare da lanƙwasa ba, ƙofar ɗakin kuma a buɗe. Kunna shi da jiƙaƙƙen tawul biyu kawai, ki tsaya a wurin. Cikin 'yan mintuna ya kamata ki ji iska mai ɗumi da danshi tana fita da ƙarfi ta bakin tiyo, saman injin kuma ɗumi kawai, ba zafin da zai hana ki dafawa ba. In kin ji ƙauri ko iskar ta yi rauni, kashe ki zare fulogi, ki turo min hoton fankar, wataƙila akwai sauran zare a fukafukanta.