Neman shawara: ƙaramin suwic na PoE yana mutuwa kullum bayan Magariba

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa injiniyoyi. Yau kwana biyar ke nan wani aiki ya hana ni barci, ku taimaka mini. Na haɗa kyamarorin tsaro a wani sito a Kano. Babban suwic yana ofis, wato akwatin da wayoyin kyamarori ke haɗuwa a cikinsa, mai ƙofa (ramin jona waya) 24 ne, PoE+, irin wanda ke tura wa na'urori wuta ta wayar netwok, jimillar wutarsa wat 370. A bakin get babu soket, sai na sa ƙaramin suwic mai ƙofa 5, irin wanda yake shan wuta ta wayar netwok daga babban, shi kuma ya ciyar da kyamara uku. Tsawon wayar da ke tsakaninsu mita 85.

Da rana lafiya lau. Ana kiran Magariba sai hotuna uku su ɗauke lokaci guda. Jiya na tsaya da tocila a gabansa: fitilunsa su kama, su yi kamar daƙiƙa 40, in ji kyamarorin sun yi "ƙas", sai komai ya mutu, ya sake farawa. Haka har asuba. Na sake matse kawunan waya, na canza ƙofa, babu canji. Alhaji mai wurin ya biya ni cikakke tun farko, kuma da dare ne yake buƙatar kyamarar. Wallahi kunyarsa nake ji.

Wani mai haɗa sola:
Wa alaikumus salam. Malam, duba inbatar ofis ɗin. Da yamma batir yake fara sauka, wataƙila shi ke jawo wa babban suwic tangarɗa.

Mai tambaya:
Na duba, ɗan'uwa. Sauran kyamara 11 da ke kan babban suwic ɗin ko ƙiftawa ba sa yi. Ƙofar da ke zuwa get kaɗai ce.

Wani injiniyan netwok, Kaduna:
Wannan "ƙas" da ka ji ita ce amsarka. Ƙarar kyamara ce lokacin da take komawa yanayin dare ta kunna fitilun infrared, masu ba ta damar gani cikin duhu, kuma a daidai lokacin cin wutarta yake tashi. Ka manta da wat 370 ɗin nan, wannan na gida ne gaba ɗaya. Abin tambaya shi ne nawa aka yarje wa wannan ƙofa guda.

Babban suwic ba ya sakin wuta haka kawai. Da farko yana tura 'yar ƙaramar wuta, ƙasa da bolt 10, yana neman alamar kilo'om 25 a ɗaya ɓangaren, wadda ke nuna na'urar mai karɓar PoE ce. In ya same ta sai ya tambayi ajin na'urar, wato yawan wutar da take buƙata. Tsohon ƙa'ida, 802.3af na 2003, wat 15.4 yake bayarwa daga ƙofa, wanda aka tabbatar zai isa ga na'ura 12.95 ne. 802.3at na 2009 shi ne mai wat 30, na'ura ta samu 25.5. To don a hau zuwa 30 hanya biyu ce: ko dai suwic ya buga tambayar aji sau biyu a kan wayar, ko kuma ya fara ba da 15.4 sannan su yi ciniki ta LLDP, hanyar da na'urorin netwok ke gabatar da kansu ga juna, bayan na'urar ta tashi. Ƙa'ida ta wajabta wa mai karɓa ya iya duka biyun, amma mai bayarwa an bar masa ya zaɓi ɗaya. Idan naka mai jiran LLDP ne kuma LLDP a kashe yake, ba za a taɓa yin cinikin ba, ƙaramin zai zauna a kan 15.4 har abada.

Shiga babban ka gaya mana aji nawa ya nuna, wat nawa ya ware. Idan Cisco ne, umarnin show power inline zai nuna maka, lldp run kuma shi ke kunna LLDP, don a kashe yake zuwa. Sauran kamfanoni ka duba shafin PoE. Ka kuma karanto mana cin wutar kyamarorin.

Mai tambaya:
Injiniya, Allah ya saka. Ga abin da na gani: aji 4, an ware 15.4, LLDP a kashe. Kyamara ɗaya tana cin wat 3 da rana, wajen 7 da dare. Ƙaramin suwic ɗin shi kansa 3.

Injiniyan Kaduna:
To yi lissafin da kanka. Da rana 9 da 3, wat 12, da ƙyar kake tsallakewa. Da dare 21 da 3, wat 24. Ya wuce abin da aka ware, babban ya yanke ƙofar don ya kare kansa, ya sake gwadawa, kyamarori su sake kunna fitila, ya sake yankewa. Kunna LLDP, ka kashe ƙofar ka kunna.

Wani memba:
Me ya sa za a sha wahala? Sa injekta, wato ɗan akwatin da ke saka wuta cikin wayar netwok, a tsakani kawai, ina da na eriyar rediyo guda biyu a shago.

Wata injiniya, Abuja:
Don Allah Malam kar ka sa wannan. Injektocin eriya da yawa bolt 24 ne, kuma ba sa tambayar komai, ana jonawa wuta ta tafi. Na'urar da ke jiran bolt 44 zuwa 57 ba za ta tashi da shi ba, in kuma aka yi kuskure aka jona shi a ƙofar da ba ta karɓar wuta, ana iya ƙona ta. In za a sa injekta, a sa wanda aka rubuta 802.3at ko 802.3bt a jikinsa.

Abin da ya fi damu na shi ne wayar. Wat 24 cikin 25.5 babu sarari ko kaɗan, kuma wannan 25.5 ɗin lissafinsa da wayar jan ƙarfe zalla aka yi, iyakarta mita 100. Kasuwa ta cika da wadda aka rubuta wa Cat6, sunan wani nau'in wayar netwok, alhali aluminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya, ita ake kira CCA. Aluminiyam kusan kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, shi ya sa wutar da ke zama zafi a hanya take ƙaruwa. Tasta mai fitila takwas ba za ta nuna maka wannan ba, za ta ce komai daidai. Yanko guntu ka kankare silin da wuƙa. In ka ga fari a ciki, ka gano.

Mai tambaya:
Na kunna LLDP da ƙarfe huɗu, cikin minti ɗaya ƙofar ta koma wat 30. Magariba ta wuce bai mutu ba, na yi hamdala. Amma wajen ƙarfe tara ya ɗauke sau ɗaya, ya dawo. Na kankare guntun wayar kamar yadda kika ce, Hajiya. Fari tas, har karyewa ta yi a hannuna. Ni na saye ta saboda arha, ban sani ba, kuma ni zan biya canjinta.

Injiniyar Abuja:
Allah ya mayar da alheri. Kafin ka samu waya, cire kyamara ɗaya daga ƙaramin, ka bar biyun da suka fi kallon get. Wat 17 ke nan, za ka kwana lafiya.

Mai tambaya:
Haka na yi, daren jiya bai ɗauke ba ko sau ɗaya. Na yi wa Alhaji bayani, ya ce in ci gaba. Gobe zan ja sabuwar waya, guda biyu ma a bututu ɗaya, ta biyun ta tafi kai tsaye kan kyamara ta uku daga babban suwic. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.