Wai Sai Ka Rubuta Direba Kafin Ka Yi Magana da Na'urar USB?

Bello: Salamu alaikum. Jiya wani mai shago a Tsohuwar Kasuwa ya ba ni injin buga rasit, na sa shi ya yi bugu da layi goma na yaren Python da pyusb, manhajar da ke ba Python damar magana da na'urar USB. Don haka ni dai na ce zamanin rubuta direba, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'ura, ya wuce. Wanda duk ya ce sai ka iya yaren C, tsoratar da yara kawai yake yi.

Malam Umaru: Wa alaikumus salam. Bello, a kan wace kwamfuta ka gwada?

Bello: Tawa, Malam. Ubuntu, irin Linux.

Malam Umaru: To ka gani. Kai shi kwamfutar mai shagon, wadda na tabbata Windows ce. Pyusb a kan wata manhaja, libusb, take zaune, ita kuma libusb ba ta taɓa na'ura irin wagga a Windows sai an ɗora wa na'urar direba irin WinUSB, galibi da manhajar Zadig. Kana yin haka ka ture direban kamfanin, gobe ya kira ka ya ce injin ya daina bugu daga Word. Kuma libusb ɗin da mi aka rubuta ta? Da C. Wani ya yi noma, kai ka zo cin tuwo.

Hajara: Malam, a yi haƙuri, amma maganarka ba ta rushe tashi ba. Ya ce ba sai an RUBUTA ba, bai ce babu direba ba. Mu da munka yi aikin kammala karatu a Jami'ar Ɗanfodiyo da Arduino, ƙaramin allon lantarki da ake haɗawa ta USB, babu wanda ya rubuta ko ɗaya. Ka duba lambobin nan biyu da na'urar USB ke zuwa da su, ta kamfani da ta kaya. In ka ga 1A86:7523, cip ɗin CH340 ce, ka saka direbanta, ka buɗe ta da manhajar pyserial ta Python, shi ke nan.

Nasiru: Ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. Buɗe ƙofa ba shi ne wahala ba, sanin abin da za ka faɗa in ka shiga shi ne. Bello ya ci sa'a ne, injinan rasit yawanci yaren umarni na ESC/POS na kamfanin Epson suke ji, kuma a rubuce yake: 1B 40 ya shirya injin, 1D 56 ya yanke takarda. Ni sikelin awon albasa aka kawo mini, babu takarda, mai sayarwa bai amsa waya. Kwana huɗu ina kan Wireshark da USBPcap, manhajojin leƙen abin da ke wucewa ta USB, ina ɗora dutse ina saukewa, ina kallon waɗanne lambobi ke canzawa. Ga zafi, ga rashin wuta.

Bello: Amma ka rubuta direba?

Nasiru: A'a.

Bello: To alhamdu lillahi 😂

Malam Umaru: Kada ka yi saurin dariya, ɗana. Ko a Ubuntu ɗin, da sudo, mai ba da cikakken iko a kan kwamfuta, ka kunna ta, ko ka rubuta dokar udev mai ba da izinin taɓa injin?

Bello: Da sudo, Malam.

Malam Umaru: Haka za ka miƙa wa yaron shago? An kira la'asar. In mun fito masallaci ka turo lambobin injin, da hoton abin da Windows ta nuna.