Shin zaman tattaunawa zai iya warkar da mai tsananin zargi?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Ni dai ra'ayina shi ne, wanda zargi ya kai shi ga gaskata cewa ana bibiyarsa ko ana zuba masa guba, magani ne kaɗai zai fitar da shi. Ƙanena ya yi wata huɗu ba ya cin tuwon gidanmu, sai dai ya sayo burodi ya riƙa jujjuya ledar yana neman inda aka huda. Mahaifiyarmu ta ci daga kwanonsa a gabansa, ya ce ai ta riga ta sha makari. Bai dawo hayyacinsa ba sai da likita ya ɗora shi a kan magani.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara masa lafiya. Amma Malam, abin da kuka yi ƙoƙari ne na ƙaryata shi, masu bincike kan wannan cuta kuwa ba wannan hanyar suke bi ba. A shekarar 2021 Farfesa Daniel Freeman na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon gwajin shirinsu mai suna Feeling Safe, wanda aka yi da marasa lafiya 130 da zargin ya ƙi sakinsu, alhali kusan dukkansu suna shan magani. Ana yin zama kusan 20 cikin wata shida, ba a ce wa mutum ƙarya yake yi, sai a taimaka masa ya gyara barcinsa, ya rage saƙe-saƙen damuwa, ya dawo da yarda da kansa, sannan a raka shi wuraren da yake gudu har ya gani da idonsa cewa babu abin da ya same shi. Rabin waɗanda suka bi shirin sun rabu da zargin.

Baban Khalifa: To Hajiya, ai kin faɗa da bakinki cewa suna shan magani.

Maman Ummi: Haka ne, kuma ban ce kowa ya ajiye maganinsa ba. Abin da na ƙi yarda da shi kalmar "kaɗai" ce, domin waɗannan mutane suna shan maganin, zargin kuma yana nan daram.

Baban Amira: Hajiya, akwai adadin da ya kamata a haɗa da wannan rabin. Waɗanda aka kwatanta su da su a gwajin, zaman hira ta abota kawai aka yi da su, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku nasu ma sun samu sauƙi. Ashe wani kaso na nasarar daga samun mai saurare ne, sannan mutum 130 a yanki ɗaya na Ingila ba su isa a yanke hukunci kan duniya ba.

Maman Ummi: Na karɓi gyaran, Malam, sai dai wannan adadin ma shaida ce cewa zama da mutum yana aiki.

Baban Khalifa: Batun barcin ya taɓa ni, domin kafin abin ya tsananta ƙanen nawa ya yi kusan mako biyu yana kwana zaune a tsakar gida. Kuma in faɗi gaskiya, har yau ba ya shiga kasuwa, a masallaci ma sai sahun ƙarshe kusa da ƙofa.

Maman Ummi: Wannan tsayuwar kusa da ƙofa ita ce abin da masu binciken suke kira dabarar kare kai, kuma tana raya zargin, saboda duk ranar da ya fito lafiya zai ɗauka dabararsa ce ta tsirar da shi. A 2016 Farfesa Freeman da abokan aikinsa sun sa wa marasa lafiya 30 tabarau na kwamfuta mai nuna cikin jirgin ƙasa da mutane, waɗanda aka ƙarfafa su ajiye irin wannan dabarar, su matsa kusa da mutanen su dube su, zarginsu ya fi raguwa. Ka faɗa wa likitansa maganar kasuwar da ta sahun a zuwanku na gaba.