Fankar furosesa da gudunta ke hawa da sauka

Idan gudun fankar da ke sanyaya furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) yana ta hawa da sauka, shawarar da aka fi maimaitawa ita ce a fara duba zafin furosesa da manhajar HWMonitor. Idan gudun fankar yana bin zafin, lafiyarta lau, aikinta take yi. In hawa da saukar ta dami mutum, sai a shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, a tsawaita jiran da take yi kafin ta ƙara gudu.

Wasu sun ce ƙura ce, kuma bayan hunturu ba a musu da su. A cire wuta, a danne fiffiken da yatsa, sannan a hure. Man ɗauke zafi (thermal paste) da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta in ya bushe, a goge a sa sabo.

Ni dai filogin fankar na fi ba muhimmanci: a cikin BIOS, mai ƙafa 4 a saita shi a PWM (sarrafa gudu da sigina), mai 3 a DC (sarrafa gudu da ƙarfin wuta). Fankar da ke gurnani kuwa, canza ta za a yi.