Neman kalma: me za mu kira ɗora wa wadda aka yi wa fyaɗe laifi?

Jama'a, ina neman taimako. An ba ni wata takarda in mayar da ita Hausa don shirin rediyo a nan Sakkwato, sai na maƙale a kan abin da Turawa ke kira "victim blaming". Ma'anarsa a fili take: a zalunci mutum, sannan jama'a su juyo kansa da tuhuma. Kalmar da baki zai ɗauka ce na rasa.

Asalinta ma ba a kan fyaɗe take ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, William Ryan, shi ya fito da ita a 1971, yana suka ga masu cewa baƙaƙen fatar ƙasar su suka jawo wa kansu talauci. Daga baya masu kare haƙƙin mata suka ɗauke ta.

Mu nan ba mu sa wa abin suna ba, amma kowa ya san muryarsa. "Mi yak kai ta?" Ita ce tambayar farko da ake yi in an ji labari. Sai a bi da "ai talla takai", "wa ya ce ta fita bayan magariba", "dubi shigarta". Yarinya 'yar shekara 9 a tsaya ana auna mayafinta! Kafin rana ta faɗi an kira uwarta gefe, a ce a rufa asiri kada ɗiya ta rasa miji, shi kuwa mai laifin yana zaune a majalisarsu yana shan shayi.

Ni na fara da "zargin wanda aka zalunta". Wani malami ya ce mini zargi shakka ce, alhali mutanen nan ba shakka suke ba, sun riga sun yanke hukunci. Gaskiyarka, Malam, na janye.

Wata 'yar'uwa ta kawo "ga mari ga tsinka jaka". Yana da daɗi, sai dai mai marin shi ne mai tsinka jakar. Namu kuwa hannu biyu ne: wani ya yi ta'asa, wasu daban suka zo suka ƙara, kuma sau da yawa daga cikin gida suke.

Sai wata Hajiya da ta daɗe tana aikin jinya ta rubuto cewa: "Ɗana, kakanninku sun gama maka aikin. An bar jaki ana dukan taiki." Na yi shiru ina juya shi. Dukan taiki. Gajere ne, ana iya cewa "ku daina dukan taiki", kuma duk wanda ya ji sai ya tambaya ina jakin yake. Wannan ita ce tambayar da muke gudu. Ya fi na Turancin ma a wurina, don nasu bai ambaci mai laifin ba ko kaɗan. Kuma bai ware mace ba, tunda yara maza ma ana yi musu, su kuma nasu shirun ya fi tsanani.

An yi mini gyara biyu, duka na ɗauke su da muhimmanci. Na farko, yaran birni ba su san taiki ba, wato babbar jakar fata da ake labta wa jaki. Wannan mai sauƙi ne, jumla ɗaya ta isa. Na biyu ya fi nauyi: wata ta ce ba ta son a kamanta mutum da kaya, don dama kallon kayan da ya lalace ake yi wa waɗanda aka yi wa fyaɗe. Ranki ya daɗe, na ji zafin maganarki. Shi ya sa ma na cire "an lalata ta" daga takardar gaba ɗaya, na bar "ya yi mata fyaɗe", mai aikin ya fito a jumla. Amma karin maganar mai dukan take kunyatawa, rashin hankalinsa take nunawa.

Masu cewa wannan tunanin baƙo ne, ku duba Muwaɗɗa da ake karantawa a zaurukanmu. Imam Malik ya ce babu uƙuba a kan wadda aka tilasta, hukunci na kan wanda ya tilasta ta, har da biyan sadaki. Dokar tarayya ta hana cin zarafi ta 2015 da Jihar Sakkwato ta amince da ita a 2021 ba ta zo da abin da ya saɓa wa wannan ba. Akwai kuma Cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru da ke karɓar waɗanda abin ya shafa, amma uwar da aka cika wa kunne da "mi yak kai ta" da wuya ta kama hanyar can da wuri, shaidar likita kuwa ba ta jira.

Ga inda na tsaya. A takardar hukuma da labarai zan rubuta "ɗora wa wanda aka zalunta laifi", don kada a sami ruɗani. A bakin mai gabatarwa kuwa "dukan taiki" za a ji. Hajiya, na gode, ranar da za a sa shirin zan sanar da ke ki kunna rediyo.