Wa ya taɓa haɗa firintar 3D da kansa a gida?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ni gyaran fanka da rediyo nake yi a Kano, kullum sai a kawo min kaya lafiyarsa ƙalau ɗan roba ne kawai ya karye, maɓalli ko ƙaramar giya, ka zaga kasuwa har ka gaji babu, ƙarshe mai abu ya yar. Na ga a YouTube ana buga irinsu da firintar 3D, wai akwai mai araha da take zuwa a wargaje kai za ka ɗaure ta. Kuɗina ba yawa kuma kun san halin wutarmu. In saya ko asara ce?

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Saya malam, ai irin aikinka aka yi ta dominsa. Ni Ender 3 gare ni ta kamfanin Creality, tun 2018 ta fito shi ya sa kayan gyaranta ba sa wuyar samu, rabi a haɗe take zuwa, da yamma ɗaya na gama ɗaure tawa. Tana buga abu har milimita 220 faɗi da tsawo, 250 a tsaye, ya ishe ka. Kafin ka jona ta duba akwatin wutar akwai ɗan makunni na ƙarfin wuta, 115 da 230, tabbatar yana kan 230. Inda ake shan wahala daidaita farantin da take bugu a kansa ne, takarda za ka zura tsakanin bakin da roba ke fitowa da faranti kana juya ƙusoshin ƙasa har ka ji tana ɗan gogawa, kusurwa huɗu duka, in shimfiɗar farko ba ta kama ba duk aikin ya tashi a banza. Zane kuma ka fara da manhajar Tinkercad kyauta ce, sai manhajar Cura ta yanka maka shi shimfiɗa-shimfiɗa yadda firintar za ta iya bugawa. Amma fa ka iya awo, rabin milimita na hana giya shiga.

Maman Sadiq: Ƙanina ka kula da robar da za ka saya. PLA ta fi sauƙi, mai kaurin milimita 1.75, a wajen digiri 200 ake bugu da ita, amma tun daga kusan 60 take fara laushi. Na buga wa ɗalibaina maƙalin waya na manta guda a mota a watan Afrilu, wallahi kafin la'asar ya lanƙwashe. Duk abin da zai zauna kusa da kwayil ɗin fanka PETG za ka sa. Da damina kuma a rufe robar a bokiti mai murfi, tana shan danshi sai ka ji tana ƙara tas tas tana fita da kumfa.

Ɗan Fagge: Na gode Hajiya, da PLA zan tara ban sani ba. To maganar wuta fa?

Baban Ilham: Nan ne gaskiyar take. Ƙaramin abu ma yana cin awa biyu uku, an ce tana ci gaba bayan an dawo da wuta, e tana yi, amma in faranti ya huce abin sai ya saki. Ni kan inbata na ɗora tawa, akwatin wutarta wajen wat 350 ne kuma ba ta cinye shi sai lokacin dumama. Kar ka kunna ta ka tafi gida ka kwanta, abu ne mai zafi.

Mai Sola: In kuɗin bai kai ba ma ana haɗawa daga tushe. Duk masu arahar nan jikokin RepRap ne, aikin firintar da ke buga sassan kanta, da Adrian Bowyer ya fara a jami'ar Bath ta Ingila a 2005, zanen a buɗe yake ga kowa. A Lome ta Togo Afate Gnikou ya haɗa tasa a 2013 da tarkacen tsoffin kwamfutoci da firintoci. Amma ni dai na ce fara da ta kwali tukuna, in hannunka ya faɗa sai ta buga maka sassan ta biyu.

Ɗan Fagge: Allah ya saka da alheri. Baban Ilham batir nawa ne a inbatarka, in ga ko nawa zai ɗauka?