Ina zan samu mutum-mutumin Spider-Man da Batman masu kyau a Jos ba tare da na kashe kuɗi da yawa ba?

Dan_Rikkos:
Salam 'yan uwa. Na fara tara mutum-mutumin roba na jaruman Marvel da DC, yanzu guda 4 gare ni. Wata biyu da suka wuce na yi odar Black Panther wajen wani mai sayarwa a intanet, a hoto kwalin samfurin Marvel Legends ne, da ya iso fentin ƙirjin duk ya zame, ina lanƙwasa gwiwa ta karye a hannuna, wallahi abin ya min ciwo don kuɗin aljihuna na tara na saya. Don Allah ya ake gane jabu, kuma wanne ne mai araha da zai daɗe?

Bash_Bukuru:
Wslm, sannu ɗan uwa. Marvel Legends na kamfanin Hasbro ne, tsayinsa inci 6, a Amurka ma a 2024 wajen dala 25 ake sayar da ɗaya, to ka lissafa da canji da kuɗin kawowa, duk wanda ya ba ka sabo a kwali da arha ka san akwai magana. In ka riƙe shi ka duba ƙasan tafin ƙafa ko bayan cinya, orijinal akwai tambarin Marvel da Hasbro da shekara a rubuce tsaf, na jabu ko babu ko rubutun ya cakuɗe, ga warin roba mai hawa kai. Ni shawarata ka manta da kwali ka shiga kasuwar Katako wajen masu gwanjo, wani lokaci in an buɗe dilar kayan wasan yara ana dacewa. Can na tsinci Wolverine na kamfanin Toy Biz, su ne suka fara Legends a 2002 kafin Hasbro su karɓa a 2007, hannu ɗaya ya ɗan goge amma gaɓoɓinsa garau, har yau shi na fi so a cikin nawa. Sai dai haƙuri, za ka iya zuwa sau biyar ba ka samu komai ba.

Maman_Khalifa:
In yara ne a gidan za su taɓa, samfurin Titan Hero ya fi, inci 12 ne kuma ba tsada. Ba ya lanƙwasuwa sosai, kai da kafaɗa da ƙugu kawai, amma na Khalifa ya sha faɗuwa daga bene bai yi komai ba.

Abba_Terminus:
Wannan gwiwar da ta karye ba lallai laifin jabu kaɗai ba ne fa, sanyin Jos ma na da hannu. Lokacin hunturu roba tana sandarewa, ko orijinal ne in ka tilasta shi zai ɓalle. Ka tsoma shi a ruwan zafi kamar minti ɗaya sannan ka motsa gaɓar a hankali. Kuma kar ka jera su bakin taga, rana na cinye kala, ƙura kuma tsohon buroshin haƙori mai laushi ya isa. Batman kuwa ni na kamfanin McFarlane nake so, sassaƙarsu ta yi kyau, amma inci 7 ne, kusa da Legends zai fi su tsayi.

Dan_Rikkos:
Na gode ƙwarai. Yaya Bash in ba damuwa ranar Asabar mu haɗu a Katako, zan taho da karyayyen ka duba min ko zai gyaru.